Laraba: yau "memori" ya rabu gida biyu

Darasin 'yan koyo na yau a kan kalma ɗaya ya cije, bai motsa ba sai dab da tashi. A tsari, sassan kwamfuta za a bi ɗaya bayan ɗaya, amma tambayar farko ta wargaza tsarin. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kwamfutata nauyi take yi. Na goge hotuna sun fi ɗari, amma ba ta sauya zani ba. Ba memorin ne ya cika ba?"

Laifin na kalmar ne. Abu biyu ne daban-daban ake kira da suna ɗaya: RAM, da kuma ma'adana, wato faifan da ke riƙe fayiloli. RAM tamkar allon aji yake. Duk abin da ake aiki a kansa yanzu-yanzu a nan ake rubuta shi, kuma da zarar an kashe na'ura ko wuta ta ɗauke, an goge shi tas. Ma'adana kuwa kundi ce, abin da aka rubuta a ciki yana nan ko an yi watanni ba a kunna kwamfutar ba. Idan ka buɗe manhaja, kwafo ta ake yi daga kundi zuwa allo, sannan furosesa, wadda ita ke yin lissafin komai, ta riƙa karantawa daga allon. Kundin ya yi mata jinkiri da yawa, shi ya sa ake buƙatar allon a tsakani.

Hotunan da ta goge a kundi suke. Allon ne ya cika.

An tabbatar da haka a gaban kowa. A Windows, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, tagar Task Manager za ta buɗe. Ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. Tata ta nuna gigabaiti 4, kusan duka a cike, ga burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, da shafuka sama da ashirin a buɗe, kowane yana cin rabonsa. Idan RAM ya cika, Windows ba ta tsayawa, sai ta riƙa kwashe wani ɓangare tana ajiyewa a faifai, in an buƙace shi ta sake ɗebowa. Wannan kai-komon shi ne nauyin da ake ji. Abin ya fi muni idan faifan tsohon samfuri ne, HDD, mai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu da ke bin sa yana neman inda bayani yake. Sabon samfurin faifai, SSD, ba shi da abin da ke motsi, shi ya sa saurinsa ya ninka na wancan sau da yawa. Da aka rufe shafukan aka bar uku, linzamin da ke ta sanƙarewa ya saki.

Maganin a jere yake, daga na kyauta zuwa mai cin aljihu: rufe abin da ba a amfani da shi, hana manhajojin da ba dole ba tashi tare da kwamfuta, ƙara RAM, sauya HDD da SSD. Kafin a sayi RAM a duba, domin a wasu laftof ɗin a like yake da babban allon na'ura, babu gurbin ƙari. Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da gigabaiti 4 na RAM da 64 na ma'adana, amma wannan na shiga ƙofa ne kawai. A ganina, mai aiki da burauza da takardu a lokaci guda bai kamata ya yi ƙasa da 8 ba.

Ɗalibar dai ba ta yi kuskure ɗari bisa ɗari ba. Idan faifai ya cika maƙil, kwamfuta tana nauyi, tunda babu inda za a sauke abin da aka kwaso daga RAM. Sai dai ko wurin da ta nema ba ta samu ba, domin hotunan suna nan zaune a kwandon shara, inda Windows ke tara abin da aka goge. Sai an zubar da kwandon wurin yake dawowa.

Daga nan ma'anar "sebin" ta fito da kanta. Rubutun da kake bugawa a kan allo, wato RAM, yake har sai ka danna Ctrl da S, lokacin ne ake kwafe shi cikin kundi. Word tana ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10 idan ba a taɓa saitinta ba, wato kana iya rasa aikin minti tara da wani abu. Ka raɗa wa fayil suna tun a layin farko, ka kuma lura da foldar da ya shiga. Yawancin fayilolin da ake cewa sun ɓace suna nan, mai su ne bai duba inda ya ajiye ba.

Ma'auni bai ɗauki lokaci ba. Bit shi ne mafi ƙanƙanta, ko 0 ko 1. Bit takwas baiti ɗaya ke nan, wanda zai iya ɗaukar yanayi 256 daban-daban. Babban harafin A, alal misali, lamba 65 ce a wurin kwamfuta, ana ajiye ta a matsayin 01000001. Daga baiti sai kilobaiti, megabaiti, gigabaiti, terabaiti, kowane ya ninka na bayansa kusan sau dubu. Wannan "kusan" ɗin ke jawo rigima. Masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024, don haka faifan terabaiti ɗaya zai nuna maka kimanin gigabaiti 931, mai 500 kuma 465. Ba wanda ya cuce ka. Haka saurin intanet, da bit ake auna shi, fayil kuwa da baiti, sai ka raba da takwas. Layi mai megabit 16 a daƙiƙa megabaiti 2 yake kawowa, fayil mai megabaiti 600 zai ci minti biyar, in komai ya tafi daidai.

Wani dattijo a layin baya ya miƙo filash ya ce, "Malam, na kwafo takardata a nan, amma a wata kwamfutar ta ƙi buɗewa." Da aka saka, ga tambarin da ɗan kibiya a kusurwar ƙasa ta hagu, girmansa bai wuce kilobaiti biyu ba. Na ce, "Baba, manuniya kuka ɗauko, takardar tana can inda kuka baro ta." Shotkot ke nan, adireshin fayil ne kawai, ba fayil ɗin ba. Ya yi dariya ya ce ashe ambulan ya kawo babu wasiƙa.

Tunda filash ya shigo zance, an ƙara abu biyu. Kada a fizge shi ana tsakiyar kwafi, a danna Eject a jira saƙo, in ba haka ba fayil na iya fitowa rabi. Abin da aka goge daga filash kuma ba ya bi ta kwandon shara, tafiya yake kai tsaye.

Wutsiyar sunan fayil ce ta rufe darasin: .docx takarda, .jpg hoto, .pdf takardar da ba ta sauya fasali, .exe manhaja mai gudana. Sauya wutsiya da hannu ba ya sauya abin da ke ciki. Windows tana ɓoye ta, kuma masu tura ƙwayar cuta sun san haka, sai su sa wa fayil suna hoto.jpg.exe, kai kuma ka ga hoto.jpg ka danna. A File Explorer, ƙarƙashin View, akwai zaɓin File name extensions. Kowa ya kunna nasa kafin a tashi.

Bambancin intanet da burauza da injin bincike sai gobe. Aikin gida: kowa ya zo da abu uku a rubuce, girman RAM ɗinsa, girman faifansa, da ko HDD ne ko SSD. Duka ukun suna cikin tagar Performance ɗin nan.