Sabon firji a tsohuwar tirela: aikin yana wajen wayar wuta

A garejin da nake aiki a nan Amurka, muna yawan karɓar tsofaffin tirelolin yawon shaƙatawa, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da gadonsa da kicin ɗinsa. Masu tirelolin kamfanin Airstream na shekarun 1960 da 1970 suna ji da su kamar gadon gida. Buƙatarsu kusan ɗaya ce: firji ya mutu, a cire a sa sabo. A ganinsu aikin awo ne da ɗaure noti. Ni kuma abin da sana'ar ta nuna mini shi ne, ɗora firjin ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya.

Tsohon firjin waɗannan tireloli ba shi da kwamfuresa. Zafi ne ke samar masa da sanyi: ɗan harshen wutar gas yana tafasa ammoniya da ruwa, su zagaya cikin bututu tare da iskar haidirojin. Ɗalibai biyu a Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro dabarar a 1922. Wanda ya san firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin ƙauye a gida, to shi ne wannan. Tsofaffin ma idan suna kan gas ba ruwansu da batir. Shi ya sa in ka zaro shi, ko dai ba ka ga wayar bolt 12 a bayansa ba sam, ko ka tarar da wata siririya da aka ja don ƙwan fitila.

Yanzu mutane sun koma ga firji mai kwamfuresa da ke aiki da batir kai tsaye. Suna da hujja: yana saurin sanyi, kuma ba ya damuwa ko tirela ta karkace, alhali na gas in ya daɗe yana aiki a karkace lalacewa yake yi. Yana jan amfiya huɗu ko biyar in yana aiki. Lambar ta yi ƙanƙanta, har mutum ya ce ai kowace waya ma ta isa.

A nan ake faɗawa rami. A wutar gida ta bolt 120, in waya ta cinye bolt ɗaya ba wanda zai sani. A bolt 12 kuwa, bolt ɗaya babban abu ne. Ɗauki siririyar waya mai lamba 16 a ma'aunin Amurka, tsakanin batir da firji ƙafa 25. Wuta tana zuwa tana dawowa, ka ga ƙafa 50 ke nan, kuma a amfiya biyar za ka rasa kusan bolt ɗaya a hanya. Lokacin da kwamfuresa ke tashi yana fizgar wuta fiye da haka, asarar ta ninka. Kwamfuresan Danfoss (yanzu sunansa Secop) da ke cikin da yawa daga waɗannan firji an saita shi ya kashe kansa in wuta ta sauka zuwa bolt 10.4. Da asuba batir ya ɗan yi ƙasa, sai firji ya yunƙura ya tsaya, ya sake yunƙurawa ya tsaya, mai shi ya dawo yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Firjin lafiyarsa ƙalau. Waya mai lamba 10, wadda ta fi kauri, a wannan nisan, rubu'in bolt kawai take ci. Saboda haka ba na yarda da abin da mita ta nuna a kan batir. A bayan firjin nake aunawa, daidai lokacin da kwamfuresa ke tashi.

Sai hanyar dawowar wuta. Yawancin tsofaffin tireloli ta jikin ƙarfen shasi nagetif ke komawa, kuma kusoshin sun sha tsatsar shekara hamsin. Na fi son in ja sabbin wayoyi biyu tun daga batir, in sa fis dab da shi, domin wayar ce fis yake karewa kada ta kama da wuta. A kula da launi kuma: a tsarin tirelolin Amurka sau da yawa baƙa ce fozitif, fara nagetif, akasin abin da bakaniken mota ya saba.

Caja ma abin dubawa ce. Tsohuwar Univolt da ke zuwa da Airstream ba ta san batir ya cika ba, haka za ta yi ta dafa shi har ruwansa ya ƙone. In za a sa firjin zamani, ita ma ta tafi. Bututun gas da aka cire kuwa a toshe shi da murfin ƙarfe, a gwada da ruwan sabulu.

Lissafin ƙarshe na batir ne, kuma shi nake fara yi wa mai tirela kafin ya biya kuɗin komai. Irin wannan firji a yanayin zafi yana iya shan abin da ya kai amfiya-awa 40 ko 50 a wuni. Batirin dalma mai amfiya-awa 100, rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Wato kwana ɗaya, ban da fitila da famfon ruwa. Mai sauka a sansanin da ke da soket na amfiya 30 ba shi da damuwa. Amma wanda ke son kwanaki a hamadar Arizona nesa da kowa, sai ya ƙara sola ko batirin litiyam, kuma kuɗinsu kan zarce na firjin. Irin wannan nakan ce masa, ranka ya daɗe, a gyara maka na gas ɗin. Ana sayar da sashen sanyayawa na baya shi kaɗai, a musanya, kuma tukunyar gas ɗaya takan riƙe shi makonni.