Yadda biyola ta ladabtar da hannuna

A shekarata ta biyu a makarantar koyon kiɗa aka haɗa ni da wata 'yar ajinmu mai kaɗa biyola, aka ce mu shirya sonata, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, wadda Shostakobic, mawallafin kiɗa na Rasha, ya rubuta wa biyola da piyano. Ni ne a kan piyano. Biyola 'yar'uwar gogen Turawa ce, sai dai ta fi shi girma, muryarta kuma ƙasa-ƙasa take, kamar ta dattijon da ba ya son hayaniya.

Da na buɗe takardar kiɗan sai na raina ta. Shafin farko fayau yake, ni kuwa na saba da kiɗan da yatsu goma ke rige-rige. Na ce wannan ai kamar shan ruwa.

Ranar gwajin farko ba mu yi minti biyu ba malamarmu ta ɗaga hannu. "Ɗana, ka ji ta kuwa?" Na yi tsuru-tsuru, don wallahi ban ji ta ba. Biyola ce ke buɗe kiɗan ita kaɗai, ana tsinkar tsirkiyoyinta da yatsa, sannan piyano ya shigo da siririn sauti. Ni kuwa na faɗo kamar an ɓalle ƙofa. Ashe muryar biyola a tsakiyar piyano take zaune, daidai inda hannuna ya fi nauyi, ko kaɗan na danna sai na binne ta.

Malama ba ta yi faɗa ba, labarin mai kiɗan ta ba ni. A watan Yulin 1975 ya gama shi, yana fama da ciwo, hannunsa na dama ya yi rauni. Ranar 9 ga Agusta ya mutu a Mosko, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe. Sai 1 ga Oktoba Fiyodo Duruzhinin, makaɗin biyolar da aka rubuta kiɗan dominsa, ya fara kaɗa shi a bainar jama'a a Leningirad. Ni dai tun daga ranar na daina kallon fararen wuraren da ke cikin takardar a matsayin giɓin da zan cike.

Kashi na biyu, mai tsalle-tsalle da shaguɓe, bai ba mu wuya ba. Na uku ne ya sha mu. Tafiyar hawainiya yake yi, yana tuno da kiɗan Bethoben, mawallafin kiɗa na Jamus, wanda ake wa laƙabi da hasken wata, ga ni ina ta azarɓaɓi. Mako shida muka yi a kansa. Dabarar da ta fisshe ni ƙarama ce: na bar ƙirga a zuci, na koma kallon hannun dama na mai biyola. In sandar gogawa ta kusa ƙarewa, na san numfashinta ya zo, sai in jira.

A ƙarshen takardar an rubuta cewa sautin ya yi ta dusashewa har ya mutu. Ranar jarrabawa ta ja sautinta na ƙarshe, na riƙe nawa a ƙarƙashi. Sai da ta sauke sanda na lura ƙafata na rawa a kan feda.