Godiya bayan taron farkawa na ƙauyenmu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Taron farkawa da muka yi a ƙauyenmu, nan ƙasar Malumfashi, ya tashi lafiya ranar Lahadi, baƙi duk sun isa gidajensu, ko ƙaya ba ta soki kowa a hanya ba. A wannan zamani da mutum ke zuwa gonarsa da fargaba, wannan kaɗai ya isa a durƙusa a gode wa Allah.

Mutanen gida ba sa bukatar bayani a kaina, amma saboda waɗanda a Facebook kawai suka san ni: ni ne na daɗe ina sayar wa yaran garin nan ƙwaya da kwalaben kodin a bayan tasha. Da gwamnati ta hana maganin tarin nan a 2018, kasuwata ma sai ta ƙara kyau, don kuɗin kwalba ya tashi. Ƙarshenta dai gidan yari. A can wani mai bishara na EMS, ƙungiyar bishara ta ikilisiyar ECWA, ya riƙa zuwa mana, dattijo mai tsohuwar jaka, yana zama da mu a ƙasa kamar ba ya jin warin wurin. Baba, ban san ko wannan saƙo zai kai gare ka ba. Yaron nan mai yi maka ba'a daga bayan ɗaki, shi ne ya yi wa'azi ranar Asabar. Allah ya saka maka.

Baba Fasto, kai kam ban san ta inda zan fara ba. Lokacin da na gaya maka ina jin kira a zuciyata, roƙonka na yi a tura ni nesa, ko Nijar ce, inda ba wanda ya san fuskata. Sai ka buɗe Markus sura 5, labarin mutumin nan da ke kwana a makabarta, wanda sarƙa ba ta iya riƙe shi. Bayan ya warke ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, Yesu ya hana, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ka rufe littafin ka ce, "Kai ma daga gida za ka fara." Ranar da haushinka na kwana. Ba ka tsaya nan ba, ka sa na rubuta sunan duk wanda na ci wa haƙƙi, ka ɗauke ni a bayan babur ɗinka gida gida. Wasu sun yafe, wasu sun karɓi kuɗinsu, kuma daidai ne su karɓa. Wani ko sallamarmu bai amsa ba. Kai da ba ka ci nanin ba, kai ka sha rana a ƙofar gidajen mutane.

Ina kuma gode wa dattawan ikilisiya, musamman waɗanda suka ƙi yarda da farko, suka ce hali zanen dutse ne. Ban riƙe ku a zuci ba. Bagadi amana ce a hannunku, kuma ko Hananiya sai da ya ja da baya da aka aike shi wurin Shawulu a Dimashƙu, don ya ji irin ɓarnar da ya yi. Kun ce in fara da shara da jera benci, na yi, kuna kallo. Ɗaya daga cikinku ne ya miƙo mini makirfo da hannunsa ranar Asabar.

Abin da ya faru bayan nan kowa ya gani. Ko ayar ban gama karantawa ba, wani matashi ya miƙe daga wajen bishiyar darbejiya ya ɗaga murya: "Ba kai ne ka lalata mini ƙane ba?" Fili ya yi tsit, sai ƙarar janareta. 'Yan Birged, samarin ikilisiya masu kula da tsarin taro, suka nufe shi, Baba Fasto ya ɗaga musu hannu su tsaya. Gwiwoyina rawa suke, takardar da na shirya wa'azi a kanta ta jiƙe da gumi duk da sanyin hunturu. Na ce masa, "Ni ne. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ban hau nan don na fi kowa tsabta ba, na hau ne don in gaya muku wanda ya yafe wa irina." Daga nan na ajiye takardar. Ɗan'uwana, na gode maka, kuma da gaske nake. Tambayarka ce ke zuciyar rabin mutanen da ke wurin, kai ne kawai ka furta. Ba ka zauna har ƙarshe ba, ban kuma ga laifinka ba. In ka yarda zan zo in ga ƙanenka, a ranar da kai ka sa.

Zumuntar Mata, iyayena, kun zo cikin ankonku da tulu da ganga, kun tuƙa tuwon masara har tukwane suka gaji. A cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu suka lalace ta hannuna, amma su ne suka zuba mini miyar kuka suna cewa "ci, ɗanmu." Wannan tuwo da ƙyar ya wuce mini maƙogwaro. Mawaƙan Sabon Rai Don Kowa da suka zo daga ƙauyukan maƙwabta a bayan a-kori-kura, matasan da suka kafa rumfa, 'yan sintirin da suka kwana a bakin gari don mu yi sujada hankali kwance, Allah ya biya ku. Mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi da suka ara mana tabarmi da benci, suka kuma zo yi mana barka da taro, mun ga zumunci, Allah ya bar mu tare.

Inna, ke da kika yi ta kai mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli gidan yari lokacin da dangi suka ce ki cire ni a ranki. Littafi Mai Tsarki na kaka da kika ba ni ranar Asabar da safe, tsohon juyin 1932 mai bango ɗaure da zare, shi na riƙe a bagadi. Allah ya ja kwananki ki ci moriyata.

Samarin da suka tsaya bayan an tashi, wasunku da abin a aljihu, na gani ban kuma tona ba. Kada ku jira sai ranar da kuka ji kun cancanta, ni har yanzu ban ji ba. Za mu riƙa haɗuwa kowace Laraba da yamma a ɗakin sujada, tare da Baba Fasto. Wanda jikinsa ke bukatar asibiti kafin ya iya dainawa, za mu raka shi, ba abin kunya ba ne.

Duk wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, mantuwa ce ba raini ba. An tsinci zane ɗaya da tocila a filin taro, suna wurin Mama Fasto. Ku ci gaba da sa ni cikin addu'a, don akwai sauran sunaye a takardar waɗanda na ci wa haƙƙi da ban kai gare su ba tukuna.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Amin.