Yoyon da ba ya fitowa sai inji ya yi zafi

A shekarata ta biyu a Jamus aka fara damƙa mini mota ni kaɗai, kuma har yau idan na tuna yadda na samu gindin zama a ƙasar nan, wannan motar ce take fara faɗo mini a rai. Na zo da shekaru masu yawa na kanikanci a hannuna, amma takardun da za su tabbatar da hakan suna gaban hukumar masu sana'ar hannu ana tantancewa, bisa dokar amincewa da ƙwarewar da aka samo a waje wadda ta fara aiki a 2012. Kafin sakamako ya fito, aikina bai wuce canza taya da juye baƙin mai da miƙa sifana ga samarin da suke koyon sana'ar ta shekara uku da rabi ba. Ban ga laifin kowa ba, domin ba su san ni ba, kuma Jamusancina a lokacin bai kai in bayyana abin da na sani ba, amma abin yana yi mini ciwo.

A nan masu motocin tsere da yawa suna karɓar lambar mota wadda take aiki na wasu watanni kawai, misali daga Afrilu zuwa Oktoba, sai su kulle motar tsawon hunturu. Saboda haka da zarar sanyi ya ja baya sai garejin ya cika maƙil. A cikin wannan rububin wani dattijo ya kawo motarsa mai kujera biyu, wadda ta haura shekara ashirin, injinta a bayan kujeru, lagiretocinta a can gaba, tankin ruwanta kuma a cikin but na baya. Ƙorafinsa shi ne duk bayan mako biyu ko uku fitilar ƙarancin ruwa tana kamawa, yana ƙarawa, amma bai taɓa ganin ko ɗigo ɗaya a inda yake ajiye ta ba. Wani garejin ya riga ya canza masa famfon ruwa, matsalar tana nan daram.

Maigidanmu ya dube ni ya ce, "Ka duba ta, amma kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka nuna mini inda ruwan yake fita." Na ce, "To, maigida."

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tanki a matsayin ma'ajiyar ruwa kawai, alhali a irin wannan mota yana cikin matsi kamar sauran hanyoyin ruwan. Idan inji ya yi zafi ruwa yana kumbura, iskar da aka bari a saman tankin ce take karɓar ƙarin, murfin kuma yana riƙe matsin da yakan kai 1 zuwa 1.5 a ma'aunin matsi na bar kafin ya saki. Wannan matsin ne yake sa ruwan ba ya tafasa sai ya haura digiri 120 maimakon 100. Abin da ya zame mini sabo shi ne ɓangaren sanyi. A nan ana haɗa ruwa da sinadarin gilaikol rabi da rabi domin kada ya daskare sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ruwa zalla idan ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, wanda ya isa ya fasa inji. Da dattijon ya ce mini ruwan famfo yake ƙarawa tun bara, sai na fahimci cewa ban da yoyon, yana tsinka maganin daskarewar bai sani ba.

Na fara da abin da ya fi tsoratarwa, wato kada ya kasance injin ne yake shan ruwan ta gasket, shimfiɗar da take toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Baƙin mai yana nan da kalarsa, bai yi fari-fari kamar an zuba madara ba, salansa ba ta fitar da farin hayaki bayan inji ya ɗumama, ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin tanki kuma bai juya zuwa rawaya ba, wanda da hayaƙin konewa yana shiga cikin ruwan da ya juya. Daga nan na ɗaura famfon gwajin matsi a bakin tankin inji yana sanyi, na hura har iyakar da aka ƙayyade wa motar, na zuba wa allurar ido na minti goma sha biyar. Da ƙyar ta motsa. Na gwada murfin shi kaɗai, domin sau da yawa shi ne mai laifin kuma shi ake mantawa, shi ma ya riƙe.

A nan ne wasu suke cewa mota lafiyarta ƙalau, kuma a ganina kuskure ne babba, domin gwajin sanyi yana nuna halin roba mai sanyi ne kawai. Ni dai hancina bai yarda ba. Duk lokacin da na sunkuya cikin but ɗin ina jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, irin na gilaikol. Na shafa kafet ɗin, a bushe yake. Da na ɗaga shi sai na tarar soson da yake ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, a kusurwa kuma wani busasshen gari fari mai sirkin ja ya kwanta kamar kanwa. Ashe ruwan bai taɓa isa ƙasa ba, soson ne yake shanye shi, zafin inji kuma yana busar da saura.

Saura in gano ainihin wurin, domin jiƙewa a kusa da tanki tana iya zama daga tiyo, ko daga maɗaurinsa, ko daga bakin na'urar auna ruwa. Na zuba rinin da yake haskawa a ƙarƙashin fitila ta musamman, na tayar da inji har ya kai digiri 90 fankoki suka kama, sannan na kashe. Ban taɓa murfin ba, domin buɗe shi a wannan hali yana iya watso wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. Na rage hasken wurin, na zura ƙaramin madubi mai dogon hannu ta bayan tankin, na haska. A kan layin da aka haɗe sama da ƙasan tankin, ta gefen da ido ba ya kaiwa, wani siririn zare kore yana ƙyalli, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, ɗigo ɗaya yana taruwa a ƙarshensa a hankali. Shekaru ashirin na zafi da sanyi sun busar da robar, tsagar tana buɗewa idan ta yi zafi, tana rufe bakinta idan ta huce.

Na kira maigida na miƙa masa madubin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai za ka yi wa mai ita bayani." Wannan ya fi mini gwajin wuya. Na zauna da ƙamus a waya na rubuta jimlolina, na gaya wa dattijon cewa liƙi da gam ba zai riƙe ba, domin robar da ta tsage a wuri ɗaya ta riga ta mutu ko'ina, kuma gara a canza tankin tare da murfi da tiyoyin da suke jikinsa. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, ya sa hannu.

Tsohon ruwan na tara shi a durom ɗinsa, domin a nan ba a zubar da shi a kwata, kuma guba ne ga dabbobi. Wajen cikawa na yi amfani da na'urar da take zuƙe iska kafin ta ja sabon ruwa, saboda bututun da suke tafiya daga baya zuwa gaba suna da tsawo, iska tana maƙalewa a cikinsu cikin sauƙi. Washegari da safe, inji yana sanyi, na ja layi da alƙalami a jikin sabon tankin daidai inda ruwan ya tsaya.

Bayan mako uku dattijon ya dawo kamar yadda na roƙe shi. Muka buɗe but ɗin tare, ruwan yana kan layin, soson kuma a bushe. Takardar hukuma ba ta iso ba sai bayan wasu watanni, amma tun ranar Litinin ta gaba na tarar an rubuta sunana a allon ayyuka, a gefen wata motar da ita ma take shan ruwa.