Ƙaramin akwatin da ke tsakanin batir da ƙafafun mota

Duk lokacin da ake maganar motar lantarki, hankalin mutane kan batir yake tafiya, wato girmansa da nisan da zai iya kai mota kafin a sake caji. Ni kuwa, da yake na shafe shekaru ina buɗe inbatocin gida ina gyarawa, abin da ya fi jan hankalina shi ne akwatin da ke tsakanin batirin da injin. Batir wutar DC yake ajiyewa, wato wadda ke gudana ta fuska ɗaya, injin da ke juya ƙafafun motar kuma wutar AC mai layi uku yake buƙata, wato mai kai-da-komo irin ta gida, saboda haka dole a sami inbata da za ta sauya wannan zuwa wancan. Ban da ita akwai cajar da ke cikin motar, akwai kuma na'ura ta uku da ke rage ƙarfin babban batir daga kusan bolt 400 zuwa bolt 12 domin fitilu da kwamfutar mota.

Duk wutar da ta bi ta cikin waɗannan na'urori sai ta bar wani kaso nata a hanya, kuma wannan kason zafi yake komawa. Idan inbata tana ɗauke da kilowat 100 tana asarar kashi 3 cikin ɗari, to kilowat 3 ne ke zama zafi, kwatankwacin dutsen guga uku a kunne cikin akwatin da bai wuce ƙaramar jakar hannu ba. In aka rage asarar zuwa kashi 1, dutsen guga ɗaya ne ya rage. Na taɓa buɗe wata inbatar gida da ta ƙone a tsakiyar bazara, na tarar ƙurar hunturu ta toshe tsagogin farantin alminiyam ɗin da ke shan zafi, fankar ta tsaya, dalmar da ke riƙe da taransistocin, wato ƙananan makunnan da ke kunna wutar suna kashewa, ta tsattsage, biyu daga cikinsu kuma sun fashe sun yi baƙi ƙirin. Tun daga ranar, da zarar na ga na'urar sauya wuta, abin da nake fara dubawa shi ne ta ina zafinta yake fita.

Wanda ya tuna tsohuwar adafta mai nauyi ta rediyo, ya kuma kwatanta ta da cajar wayar yau, ya riga ya ga sirrin ƙanƙantar da waɗannan na'urori. Tsohuwar tana aiki ne da wutar gida mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka sai da babban taransifoma na ƙarfe da tagulla. Sabuwar kuwa tana kunna wutar tana kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa guda, kuma gwargwadon saurin nan, gwargwadon ƙanƙantar kwayil da kafasitar da ake buƙata, wato kayan da ke riƙe wuta na ɗan lokaci su sake ta. Sai dai a nan gizo ke saƙar, domin kowane kunnawa da kashewa yana cin 'yar wuta kaɗan, idan aka ninka saurin sai asarar ta ninka, ga shi kuma akwatin ya ƙanƙance, wurin da zafin zai bi ya fita ya ragu. Aikin injiniya kusan duka yana cikin daidaita waɗannan abubuwa biyu masu ja-in-ja.

Shekaru da dama taransistar silikon da ake kira IGBT ce ke wannan aiki, tun daga Toyota Prius ta 1997. Canji babba ya zo ne da Tesla Model 3 a 2017, wadda inbatarta ta yi amfani da taransistocin silikon kabaid na kamfanin STMicroelectronics. Wannan sinadari yana jure ƙarfin wuta da zafi fiye da silikon zalla, kuma yana kunnuwa ya mutu cikin sauri da ƙarancin asara, musamman lokacin da mota ke tafiya a hankali cikin gari, wanda shi ne yawancin rayuwar mota. Amma tsadarsa ba wasa ba ce, domin ana haɗa shi ne a zafin da ya haura digiri 2,000, taurinsa kuma ya kusa na lu'ulu'u, yanka shi ma aiki ne ja. Shi ya sa a watan Maris na 2023 Tesla da kanta ta sanar cewa za ta rage yawan amfani da shi da kashi 75 cikin ɗari a motocinta na gaba. Saurin nasa ma yana da nasa sharrin, don yana haifar da tsalle-tsallen wuta da ke wahalar da rufin wayoyin injin.

Wata hanyar rage asarar ita ce ɗaga ƙarfin batir zuwa bolt 800, kamar yadda Porsche Taycan ta yi a 2019. Idan aka ninka bolt, wutar da ke gudana cikin waya tana raguwa da rabi, zafin wayar kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sai a sami damar amfani da siraran wayoyi marasa nauyi. Dabarar da ta fi burge ni, duk da haka, ita ce ta Hyundai a Ioniq 5 ta 2021, wadda ita ma batirinta na tsarin bolt 800 ne. Maimakon a ƙara wani akwati na daban domin caji a tashar bolt 400, sai aka sa inbatar motar da kwayil ɗin injinta su ɗaga wutar zuwa bolt 800, tunda dama ba aikin da suke yi idan mota tana tsaye. A ganina wannan ya fi kowane sabon sinadari nuna zurfin tunani, saboda kayan da ba a saka ba ba ya ƙara nauyi, ba ya kuma lalacewa.

Yanzu da motoci da kekunan lantarki suka fara shigowa garuruwanmu, damuwata tana kan zafi. Yawancin motocin ruwa ne ke sanyaya inbatarsu ta hanyar lagireto, ƙananan kekuna da yawa kuwa iska kawai suka dogara da ita. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, iskar da ake sa ran za ta sanyaya na'urar ita kanta da zafinta take zuwa, ga kuma ƙura. Idan an ƙera inbatar da kyau, da zafi ya yi yawa za ta rage ƙarfinta da kanta, direba ya ji keken ya yi sanyin ja. Idan ba haka ba, taransistocin ne za su ƙone. Saboda haka duk wanda ya nemi shawarata kafin ya sayi keken lantarki, nakan ce ya nemi takardar bayanin inbatar, ya duba a wane zafi ne take fara rage ƙarfi, sannan ya leƙa ya ga ko an rufe akwatin yadda ƙura ba za ta shiga ba.