Kafin a Sayi Rauta a Karkara, a Fara Auna Sabis na Cikin Gida

Mutanen da ke tambayata shawara kan intanet na gida a nan yankin Ringim da Taura kusan duk da tambaya ɗaya suke farawa, wato wane tsarin data ne ya fi arha. A ganina wannan tambayar ya kamata ta zo daga baya, domin tsarin da ya fi kowanne arha ba shi da wani amfani idan sabis na kamfanin da ya sayar da shi bai shiga ɗakin da za a zauna a yi aiki ba.

Abubuwa biyu ne ake yawan haɗawa wuri guda, alhali kowanne da sha'aninsa: yawan data da kuma saurin intanet. Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane bambancin, saboda data tamkar ruwan da ke cikin rijiya ne, sauri kuwa faɗin tiyon da ke kai shi gona. Ana auna data da gigabait, ana auna sauri da megabit a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa Mbps. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka layin da ke gudun Mbps 8 megabait ɗaya kacal yake saukewa a daƙiƙa, kuma bidiyo mai nauyin megabait 600 zai ci minti goma kafin ya sauka.

Gida na buƙatar sauri ƙasa da yadda talla ke nunawa. YouTube ya ba da shawarar kimanin Mbps 1.1 don kallon bidiyo a matakin ingancin hoto na 480p, da 2.5 a 720p, da 5 a 1080p. Saƙonnin WhatsApp da tura kuɗi ta manhajar banki da na'urar POS ba sa cin komai idan aka kwatanta da wannan. Abin da suke so shi ne kada sabis ya riƙa yankewa. Gidan da mutum huɗu ko biyar ke amfani da rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyin gida, Mbps 10 da ba ya rawa ya wadatar da shi. Sai dai a lura da lissafin da ke ɓoye a nan: kallon awa ɗaya a 720p yana cinye fiye da gigabait ɗaya, a 480p kuwa kusan rabin haka. Yaran da ake zargi da shanye data sau da yawa ba su ƙara lokacin kallo ba, wayar ce ke ɗaga ingancin hoto da kanta duk lokacin da ta samu sabis mai ƙarfi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashin kira da data na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, rage wannan mataki a kan kowace waya ya zama hanyar tattali mafi sauƙi.

Saurin da aka rubuta a jikin kwalin rauta shi ne iyakar abin da na'ura za ta iya, ba alkawari ba ne. Abin da ke isowa gida ya danganta da nisan ƙarfen sabis, da kaurin bango, da rufin kwano wanda ke tare sigina, sannan da yawan mutanen da ke kan ƙarfen a lokaci guda. Shi ya sa sabis ke gudu da asuba ya kuma yi nauyi bayan sallar isha'i, haka nan wanda ke kusa da Gujungu ya san yadda layi ke cushewa ranar Lahadi idan kasuwa ta cika. Saboda haka sai a ari layukan MTN da Airtel da Glo daga maƙwabta, a buɗe shafin auna sauri na fast.com ko Speedtest a cikin ɗakin da za a ajiye rautar, a gwada da safe da kuma dare, har da ranar kasuwa. A duba saurin turawa ma, musamman malamai da masu shagon rajistar jarrabawa da ke aika hotuna da takardu. Matsar da rauta zuwa bakin taga, ko ɗaga ta sama, yakan sauya sakamakon sosai.

Batun 5G ba zan tsaya a kansa ba. MTN ya ƙaddamar da shi a 2022 kuma birnin Kano na cikin wuraren farko, amma rautar 5G a garin da ƙarfensa 4G ne, 4G za ta ba ka. Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ba ruwansa da ƙarfen sabis tunda daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata da buƙatar wuta ko sola mai ƙarfi sun sa ya fi dacewa da makaranta ko asibiti ko shagon da zai raba wa jama'a.

Tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka yana buƙatar karatu da natsuwa, domin galibi akwai adadin da idan aka kai shi za a rage sauri har zuwa ƙarshen wata. A tambayi mai sayarwa wannan adadi, da saurin da za a koma bayansa, da kuma ko ragowar data na bin mutum zuwa sabon wata idan ya sabunta a kan lokaci. Wanda bai san abin da gidansa ke ci ba, sai ya fara da ƙaramin tsari na wata ɗaya ta *312#, ya riƙa duba ragowarsa ta *323# duk mako, sannan ya sayi na gaba gwargwadon abin da ya gani.