Rubuta tarihin Bob Corker: dukiyar na fara bi kafin kujerun

Da na zauna haɗa tarihin Bob Corker, ɗan kasuwar nan na jihar Tenesi a Amurka, layi biyu na ja a takarda. A dama na jera muƙamai da shekarunsu, a hagu na jera abin da ya saya da abin da ya sayar. Layin dama ba wuya: kwamishinan kuɗi na jiha daga 1995, magajin garin Chattanooga daga 2001 zuwa 2005, sanata daga 2007 zuwa 2019. Aikin yana hagu.

A 1978, bayan shekara huɗu yana kula da leburori da magina a wuraren gini, ya buɗe kamfaninsa na kwangila, Bencor, da dala 8,000 da ya tara. Ya sayar da shi a 1990. A 1994 ya nemi tikitin sanata a jam'iyyar Republican, Bill Frist ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Sai 1999, inda na fi daɗewa: ya sayi manyan kamfanonin filaye da gidaje biyu na Chattanooga, abin da ya sa babu wani mutum mai zaman kansa da ya kai shi mallakar ƙasa a gundumar Hamilton, inda garin yake. Bayan shekara biyu ya zama magajin garin. Wato mai filaye ne ya hau kujerar da ke yanke inda titi zai bi da unguwar da za a raya. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, kuma aikin gyaran bakin kogin Tenesi na kusan dala miliyan 120 da aka yi a zamaninsa har yau ana yaba shi. Amma duk aikin da gari ya yi, sai na ɗora shi a kan taswirar filayensa kafin in rubuta yabo ko zargi. A 2006, shekarar da ya doke Harold Ford Jr. na jam'iyyar Democrat da ƙyar a zaɓen sanata, ya sayar da mafi yawan kadarorin.

Takardun bayyana kadara na sanatoci a buɗe suke ga kowa a intanet, ba kamar fom ɗin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a Najeriya ba, wanda da wuya ɗan jarida ya sa ido a kai. Sai dai suna da tarko biyu. Ba sa ba da adadi tsaye, zango suke bayarwa, misali daga dala miliyan ɗaya zuwa biyar. Wanda ya tara ƙarshen kowane zango zai kumbura dukiyar, don haka nake rubuta ƙasa da sama duka biyun. Na biyu, ana gyara takardun daga baya. A 2015, bayan tambayoyin 'yan jarida, Corker ya sake shigar da na shekaru da dama, aka ga kuɗin shiga na miliyoyin daloli da ba a bayyana daidai ba. Ya ce kuskuren cike takardu ne. Wanda ya tsaya a kan bugun farko, lissafinsa ya rushe.

Ƙuri'a ma haka take, kada a karanta ɗaya a tashi. A farkon Disambar 2017 shi kaɗai ne ɗan Republican da ya ƙi dokar rage haraji a Majalisar Dattawa, don zai ƙara giɓin kasafi. Kafin wata ya ƙare ya amince da sigar ƙarshe, wadda ke da sassauci ga masu harkar gidaje. Abokan adawa suka ce aljihunsa ya duba. Shi ya ce bai san da sashen ba, Sanata Orrin Hatch kuma ya ce shi Hatch ɗin ne ya saka. Na rubuta maganganun uku da ranakun ƙuri'un, ban yanke hukunci ba.

Magajin gari yana ba da umarni a zuba kwalta. Sanata ɗaya ne cikin ɗari, ƙarfinsa a kwamiti yake. Na Corker ya bayyana ne da ya shugabanci kwamitin harkokin waje daga 2015, lokacin da dokar da ta ba majalisa damar duba yarjejeniyar nukiliyar Iran ta wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 98 da 1.